Wayoyi uku a cikin buhun shinkafa

Assalamu alaikum, Yaya. Daga Jidda nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 21 a ƙasar nan. Maigidana ya rasu a 2019 ya bar ni da yara uku, duk a nan aka haife su. Ni ina da igama, wato takardar izinin zama, ta aikin gida, amma ta yaran a ƙarƙashin ta mahaifinsu take, tun da ya rasu ta mutu ban iya tada ta ba. Babban, ɗan farina, shekararsa 17 da wata uku. Ya bar makaranta tun yana ajin farko na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Da aka rushe mana unguwa a 2022 muka koma wani ɗaki can kudancin gari, a nan ya haɗu da wata shilla ta samari bakwai ko takwas masu yawo a kan dabbab, wato babur. Ba ya shigowa sai asuba. Sau biyu yana ba ni kuɗin haya, na karɓa ban tambaye shi inda ya samo ba. Kwanan baya ya shigo da yanka a damtse, ya ce ƙarfe ne. Makon jiya ina ɗibar shinkafa na ci karo da wayoyi uku a cikin buhun, da ƙullin leda na wasu ƙwayoyi masu zanen jinjirin wata biyu. Na mayar na rufe, har yau ban ce masa uffan ba, kin san tsakanin uwa da ɗan fari. Ƙaninsa mai shekara 11 ya fara kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa. Yayana da ke Kano ya ce in turo shi, ya san wani malami mai sa mari. Maƙwabciyata kuma ta ce in kira masa shurɗa, wato 'yan sanda, da kaina. Yaron bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa ma a karye take. Ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ji ƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ke kuma ya dafa miki.

Kafin mu taɓa maganar waya ko ƙwaya, tashi ki ɗauko takardar haihuwarsa. Kin ce 17 da wata uku, kuma na san da lissafin Miladiyya kika ƙirga, kina ganin da sauran wata tara kafin ya cika 18. Alƙali ba haka zai ƙirga ba. Dokar ƙananan yara ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2018, da kalandar Hijira take auna shekaru, ita kuwa shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ki tara waɗannan kwanaki sau 18, za ki ga sun haura wata shida. Ɗanki zai cika 18 a idon hukuma yana da 17 da wata biyar da rabi a naki lissafin. Abin da ke hannunki bai kai wata uku ba.

Ga abin da ya sa nake ƙirga miki kwanaki. A wannan doka, wanda ya kai 15 bai kai 18 ba ba a jefa shi kurkukun manya, gidan da ake kira darul mulahaza ake ajiye shi, kuma zamansa ba ya wuce rabin mafi tsawon abin da za a yanke wa babba a kan laifi iri ɗaya. Duk abin da ya aikata bayan ya tsallake wannan rana, da mudun manya za a auna masa. Ko yanzun ma, rangwamen bai shafi haddi da ƙisasi ba. Fizgen waya a kan babur, da zarar an zare wuƙa ko an kayar da mai ita ya ji ciwo, yana iya tashi daga sata ya koma hiraba, wato fashin nan da aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kai, hukuncinsa kuwa kin san inda ya kai. Yankan da ke damtsensa ba ƙarfe ba ne, ke ma kin sani. Inda aka yanke shi, akwai wuƙa a wurin, kuma ba lallai a hannu ɗaya kawai take ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in taɓa inda ke miki zafi: kuɗin hayar nan da kika karɓa sau biyu. Ban ga laifinki ba irin yadda mai ƙoshi zai gani. Na san yadda haya ta yi tashin gwauron zabo a Jidda bayan rusau, na san mai gida ba ya karɓar “marayu ne” a madadin riyal. Amma ki dubi abin ta idon yaron. Ranar da kika miƙa hannu kika karɓa ba tambaya, shi a wurinsa an ɗaura masa rawani, ya zama maigida, an kuma sa wa sana'arsa albarka. Duk faɗan da za ki yi masa nan gaba, wannan hannun zai riƙa tunawa. Saboda haka daga yau ko halala (kwabon Saudiyya) ɗaya tasa kada ta sake shiga tukunyarki, ko ledar burodin tamis ce ya shigo da ita. Idan abin ya kai ga ki koma ɗakin da ya fi wannan ƙanƙanta, ki koma. Idan ya kai ga ki roƙi uwar adashi ta ba ki kwasar farko, ko ki buɗe baki ga matar gidan da kike wa aiki, ki buɗe. Kuma kada ki daina karɓa a ɓoye, ki faɗa masa da bakinki cewa kin yi kuskure da kika karɓa. Uwa ta ce wa ɗa “na yi kuskure” abu ne mai nauyi a wurinmu, shi ya sa zai ji shi har cikin ƙashi.

Ba haka kawai yaro ke wayar gari a cikin shilla ba, kuma in ba ki gane abin da suke ba shi ba, ba za ki iya raba shi da su ba. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin murafiƙin, riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar wani. Ya koma 200, ya koma 300, a 2020 ya tsaya a 400. Mai yara uku, riyal 1,200 ke nan duk wata kafin a ci a sha. Gidajen mutanenmu nawa ne igamar yaransu ta mutu a wannan tsakani, ko da uban na raye? Yaron da ba shi da igama mai rai kuwa ba makaranta, ba aikin da za a rubuta sunansa, ba lasisin tuƙi, ba asusun banki, ko layin waya ba zai yanka da sunansa ba. Sai rusau ya biyo baya tun daga ƙarshen 2021: Gulail, Bitrumin, Karantina, Sabil, Kandara, Nuzla. Hukuma ta ce unguwannin sun zama maɓoyar miyagu, kuma ba duka maganar ce ƙarya ba, mu da muka shiga lungunan mun sani. Amma a cikin lungunan nan akwai tsohuwar da ke zaune bakin ƙofa tana sayar da gyaɗa da fura, wadda ta san ɗan wane ne kowane yaro, akwai limamin da ya yi wa ubansa salla, akwai mai bagala, wato kantin unguwa, da zai ce “zan gaya wa uwarka”. Katafila ta kwashe har da su. Ɗanki ya sauka a sabuwar unguwa yana ɗan shekara 14, ba wanda ya san shi, ba wanda yake jin kunyarsa.

A titi a ce masa “ya Takruni” ana yatsina, alhali a nan aka yanke cibiyarsa, Larabcin Hijaz kuma ya fi zama a bakinsa. In ya je Kano a ce masa Takari. Wuri ɗaya ne ba a tambaye shi takarda ba, aka ba shi laƙabi, aka ba shi mazauni a bayan dabbab, aka ce wanda ya taɓa ka ya taɓa mu. Da wannan kike kokawa, ba da son kuɗi kaɗai ba.

Sai dai shilla ba zumunci ba ce, ko da yake da rigar zumunci take zuwa. Kusan kullum akwai wani babba a bayanta wanda ba ya hawa babur, ba ya fizge, ba a kuma samun komai a aljihunsa. Ya fi ki sanin dokar 2018 ɗin nan, shi ya sa yake neman waɗanda ba su kai 18 ba. Da kyauta ake farawa, takalmi, waya, cin abinci a waje. Sai a ce riƙe mini wannan zuwa gobe. Sai wata rana a ce abin da ka riƙe ya yi gibi, ka biya. Daga nan bashi ya zama igiya. Ga kuma bidiyon da suke ɗaukar junansu suna ɗorawa a Snapchat don burga, wanda gobe shi ne abin da za a riƙe yaro da shi in ya ce zai fita. Ina kyautata zaton abin da kika gani a buhun shinkafa ba nasa ba ne shi kaɗai, ajiya ce. Ɗakin gwauruwa mai ƙananan yara, wadda ke fita aiki tun safe, ai babu ma'ajiyar da ta fi shi.

Ƙwayar mai jinjirin wata biyu kuwa Kabtagon ce, a titi Abu Hilalaini ake ce mata. Mai shan ta ba ya barci, ba ya jin yunwa, ga surutu, ga cizon haƙora, ga saurin hasala, sannan in ta sake shi ya kwanta yini guda kamar gawa. Ki tuna yanayinsa na watannin nan, za ki san ko yana sha. Tun watan Afrilun 2023 hukuma ta tsananta farautar masu ƙwaya, babba da ƙarami, kuma tun Nuwamban 2022 aka dawo da zartar da hukuncin kisa a kan laifukan ƙwaya bayan an ɗan dakatar, yawancin waɗanda abin ke faɗa wa kuwa baƙi ne. Kada ki manta a ɗakin wa aka ajiye, kuma igamar wa ce kaɗai mai rai a ɗakin. Ranar da aka shigo bincike, ba za a tambayi buhun shinkafa ba, ke za a tambaya.

Akwai ƙofa a cikin dokar, amma ƙunƙuntacciya ce. Sashe na 42 na dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce ba a gurfanar da mai shaye-shaye idan shi da kansa, ko iyayensa, ko wani ɗan'uwansa ya kawo shi neman magani, da sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa ko a nuna inda yake. Wannan ta mai sha ce, ba ta mai sayarwa ba. Shi ya sa sai kin san abu biyu: guda nawa ne a ƙullin, kuma na wa ne. Ƙwaya biyar daban, ɗari biyu daban. Dokar ta kuma tanadi yafiya ga wanda ya riga hukuma kai rahoton laifin da yake ciki tun ba ta sani ba, muddin ba shi ya kitsa ba. Wacce daga cikin biyun ta dace da ɗanki, wannan aikin lauya ne, kuma kuɗin ganin lauya na awa ɗaya ya fi kowane kuɗi da za ki kashe a bana amfani. Kafin nan kina iya kiran 1955, layin ba da shawara ne kan shaye-shaye, ki yi tambayoyinki, za su kuma kwatanta miki hanyar asibitin Irada da ke nan Jidda.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki zuba su a masai cikin fushi kafin ki san na wa ne, don in ajiya ce kin ɗora masa bashin da ba a kai wa kotu, masu bin sa kuwa sun san hanyar da ƙaninsa ke bi zuwa bagala. Kada kuma ki ɗauka a jakarki ki fita da su da sunan za ki mayar wa wani. Amma kwanakin da za su ƙara yi a ɗakinki kada su wuce na yatsun hannu.

Maƙwabciyarki ba mugunta take nufi ba, sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin dauriyya, motar 'yan sandan sintiri, ta zo ta ɗauke yaro da tsakar dare da kaya a ɗakinsa, da kuma yaro ya shiga da ƙafarsa, uwarsa a gefe, lauya a gefe. Na farko kamu ne, na biyu miƙa kai ne, kuma a takarda ba iri ɗaya ake rubuta su ba. Duk da haka ba zan shafa miki zuma a baki ba: yaron da ba shi da igama, kowace ƙofar hukuma ya shiga tana iya ɓullewa Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a ɗauki basmarsa, wato hoton yatsunsa, a sa shi a jirgi. Ki sa wannan a ranki tun yanzu, don kada tsoron tarhil, wato kora daga ƙasar, ya sa ki zauna rungume da abin da ya fi tarhil muni.

Na ga inda zaman shirun ke kai mutum. Shekarun baya ina zaune a Makka wajen Sharar Mansur, akwai wata baiwar Allah da muke katanga ɗaya. Ɗanta na shigo da kaya tana turawa ƙarƙashin gado, in an yi magana ta ce yaro ne, zai daina. Har yau ina ganin ta tsugune tana jan zanin gado ƙasa don ya rufe kwalin da ya leƙo. An kama shi yana da 19. Ya yi zamansa na kurkuku, aka wuce da shi tarhil, ya sauka a garin da bai san kowa ba da leda ɗaya a hannu. Ita ba ta iya binsa ba saboda sauran yaran. Abin da ya fi ci mata rai ba nasa ba ne ma, na ƙaninsa ne, wanda ya gaji mazauninsa a shillar tun ba a yi wata shida ba.

Wayoyin nan uku kuma, kowace da mai ita. Wataƙila ta wata mai aikin gida ce irinki, da ta biya a wata shida, da muryar uwarta a ciki. Haƙƙin mutane ne, istigfari ba ya wanke shi sai an mayar. A shari'ar ƙasar nan ma akwai haƙƙul khas na wanda aka zalunta, akwai haƙƙul am na hukuma. Idan mai kaya ya karɓi kayansa ya yi tanazul, wato ya janye ƙararsa, nasa ya faɗi, ko da na hukuma ya rage, kuma alƙali yana duba wannan. Ki gaya wa lauyan maganar wayoyin tare da ta ƙwayar, kada ki ɓoye masa rabi. In za a mayar, a bi ta hannun limami ko wani dattijo amintacce, ba ta hannun yaron shi kaɗai ba. Kada a kai su haraj, kasuwar gwanjo, kada a ba mai gyara ya goge. Kowace waya da lambarta a jikinta, kyamarori kuma sun cika titi.

Yanzu maganar Yaya na Kano. Ki gode masa, ya nuna bai yar da ku ba, amma maganar mari a bar ta. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka buɗe irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba maƙiyansu ba ne, gajiya suka yi irin wadda kika yi. Ki ɗauki yaron da bai san ƙasar ba, Hausarsa a karye, ki sa a ɗaure shi a cikin baƙin fuskoki, me kike tsammani zai fito da shi in ban da ƙiyayyarki? Ranar da ya fito kuma Kano ba ta rasa masu jiransa ba. 'Yan daba da masu ƙwacen waya suna nan a unguwanni, yaron da ya iya tuƙa babur, ya san ƙwaya, ba ya jin kunyar kowa a garin, cikin mako guda za su gane shi. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Ban ce kada ya je Kano ba. In kin tambaye ni ra'ayina, ga shi: ki fara bincika ta hannun kafilinki, wanda igamarki ke ƙarƙashinsa, ko akwai hanyar gyara takardun yaran, kada kuma ki ba wani ɗan kan hanya kuɗi don ya ce ya san wani a jawazat, ofishin shige da fice. In makonnin nan suka wuce hanyar ba ta buɗe ba, to zamansa a Jidda ba takarda zaman jiran kamu ne, ko ya bar shilla ko bai bari ba, domin duk aikin da zai samu a ɓoye ne, mai ba shi aikin ma a tsorace yake. Tafiya ta fi. Amma tafiyar da aka shirya da shi, ba wadda aka yi masa ba. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda yana ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ba shi da fasfo, a can kuma za ki ji yadda ake bin hanyar fita. Ki je bayan kin ga lauya, don in akwai ƙara a kansa, a wurin basma za ta fito.

Kafin ya taka jirgi, sai an amsa tambayoyin da mutanenmu ba sa son yi. A ɗakin wa zai kwana? Matar yayanki ta yarda, ko dai shi kaɗai ya yi alkawari a waya? Wace sana'a ke jiransa ranar Asabar ta farko, ba “za a duba” ba? Yaron nan yana da dukiyar da bai sani ba. Larabcin da ke bakinsa, wanda a nan ba a ɗauke shi a bakin komai ba, a Kano abin nema ne: kamfanonin Hajji da Umara, makarantun Islamiyya, 'yan kasuwar da ke sayayya a Jidda da Dubai da Alƙahira. In hannunsa ya saba da waya, ga kasuwar waya ta Farm Centre, a damƙa shi ga mai gyara na kirki ya koya ta halal. In ya tabbata yana sha, asibitin Dawanau ne wurinsa, ba gidan mari ba. In da hali ki nemi hutu ki bi shi ko na wata ɗaya ne, ki gan shi ya zauna da idonki. Yaron da uwarsa ta raka daban yake da wanda aka aika kamar kaya.

Tsakanin yau da ranar, fita daga shilla ba da shela ake yi ba. Kada ya je ya ce musu ya tuba, kada ke kuma ki ɗauki mayafi ki nufi gidajen iyayensu, a gobe maganar za ta koma kunnen babban nasu. A hankali ake zamewa, da uzurin da ba a musu da shi: uwata ba lafiya, kawuna ya sa ni aiki, za mu tashi. Ya canza layi. In akwai gidan wani amintacce a unguwa mai nisa, ya koma can da kwana. Kuma ki nemo namiji a cikin maganar nan. Cikin abokan mahaifinsa ba a rasa ɗaya da ya ci gishirinsa. Ki same shi ki ce masa ga ɗan amininka zai hallaka. Mu mutanen nan muna da abin mamaki, in biki ne a haɗa dubban riyal a dare ɗaya, in rasuwa ce a cika gida har kwana uku, amma maraya na lalacewa a gaban kowa sai a ce ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Ba za su shigo da kansu ba, sai kin kira.

Ƙaramin kuwa, yau ɗin nan ki raba musu wurin kwana, ki sa shi halƙar hadda a masallaci daga la'asar zuwa isha, ki kuma gaya masa ko wa ya ba shi leda ya kai wani wuri, ko yayansa ne, ya kawo miki tukuna. Ɗan shekara 11 shi ne ɗan aiken da suka fi so.

Duk abin da na lissafa ba mai yiwuwa ba ne sai kin yi magana da shi, a nan kuma kika ce mini “kin san tsakanin uwa da ɗan fari”. Na sani, ni ma da ita aka raine ni. Amma alkunyar ɗan fari an gina ta ne a gidan da ke da kaka, da gwaggo, da baffa, da kawu, waɗanda za su ja shi a jiki su faɗa masa abin da uwa ba za ta faɗa ba. Ke a ɗakinki wa ke nan? Shi kuma da ya tashi cikin 'ya'yan Larabawa yana jin uwa na kiran ɗanta “ya waladi, ya habibi” a bainar jama'a, kina tsammani ya fahimci kawar da kanki kunya ce? Ba mamaki a wurinsa rashin so ne. Shekara 17 ba ki kira sunansa ba, waɗancan kuwa sun raɗa masa wani suna kiransa da shi dare da rana.

Kada ki tare shi a gaban ƙannensa, kada ki tare shi yana cikin maye, kada kuma, duk zafin da za ki ji, ki bari baki ya kuɓuce miki. Bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, kuma ba ya dawowa. Zai yi musu, zai ɗaga murya, wataƙila ya buga ƙofa ya fita. Ki bar shi, ki sake gobe. Da Larabci ya fi jin magana ta shige shi, to ki yi masa da Larabcin, ko naki a karye yake.

Gobe da asuba in ya turo ƙofa, ya tarar da ke zaune a kan darduma, yara na barci, abincinsa a rufe, wayoyin nan uku jere a kan faranti a gabanki. Ki kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ki ce ya zauna. Ki fara da maganar kuɗin haya, kafin ki tambaye shi ƙullin na wa ne. Abin da ya ce miki, da adadin da kika ƙirga, da ranar haihuwarsa ta Hijira, ki rubuto mini su a makon nan.